Tsofaffin Kuɗi a Gwanjon Intanet: Auna Mai Kaya Kafin Ka Taya

  

Yau za mu yi magana a kan kuɗi. Amma ba kuɗin cefane ba. Kuɗin da aka daina kashewa tun tuni. Kwabo mai huda. Anini. Sisi da taro da sule. Liyarin da kakanninmu mata ke ratayawa a wuya. Har da dinare da dirhami na zamanin halifofi. Waɗannan duka sun zama haja a yau. Akwai masu tara su don sha'awa. Akwai masu tara su don tarihi. Akwai kuma masu saye don su sayar su ci riba. Kasuwarsu mafi girma yanzu tana cikin wayar da ke aljihunka, a dandalin gwanjo na intanet irin su eBay, da na manyan gidajen gwanjo na Landan da Amurka da Jamus.

Kuɗin da ke yawo a wannan harka ba kaɗan ba ne. A shekarar 2011, a Landan, an yi gwanjon wani dinare guda ɗaya na zamanin Banu Umayya, wanda aka buga a shekara ta 105 bayan hijira. An sallama shi a kan sama da fam miliyan uku da rabi. Dinare ɗaya tak, wanda nauyinsa bai wuce giram huɗu da 'yan kai ba. To, duk inda aka ji irin wannan labari, ɗan damfara ma ya ji. Kuma shi ba ya barci.

Ga abin da nake so mu riƙe tun daga farko. Hoto ba shi da nauyi. A kasuwar Kurmi, in aka miƙo maka tsohon sule, za ka juya shi a tafin hannu. Za ka ji nauyinsa. Za ka ƙyasta shi ka ji ƙararsa. A intanet kuwa hoto kawai za ka gani. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma gwanjon intanet gaba ɗayansa a sama ake yin sa. Saboda haka, tunda ba za ka iya auna kuɗin ba, sai ka auna mai kuɗin. Wannan ita ce maganar yau. Zan maimaita ta, don ita ce ginshiƙi.

Bari mu fara da cutar da ta fi kama mutane. Abin mamaki, ba jabu ba ce. Kuɗin na gaske ne, labarin da aka ɗora masa ne na ƙarya.

Ku ɗauki liyari. Wannan babban kuɗin azurfa mai hoton wata mace mai jiki, wato Sarauniya Mariya Taresa ta ƙasar Ostiriya. Ya yi yawo a Borno da Kano da Wadai da Sudan da Habasha da ƙasashen Larabawa. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ya tarar ana canjin irin wannan kuɗi a kan wuri 2,500. Har yau akwai shi a ɗakunan tsofaffi, wani an huda shi, wani an yi masa marataya. In ka juya shi za ka ga an rubuta 1780. Mai sayarwa a intanet sai ya ce maka, ga kuɗi ya haura shekara ɗari biyu da arba'in, saura ƙwaya ɗaya a duniya. Ƙarya ce. A shekarar 1780 sarauniyar ta rasu. Tun daga nan aka bar wannan shekara a jikin kuɗin, ba a ƙara canja ta ba, domin 'yan kasuwar Afirka da Larabawa ba sa karɓar wanda ya saɓa da wanda suka saba gani. An ci gaba da buga shi haka nan. An buga a Viyana. An buga a Rum da Faris da Landan, har da Bombay ta Indiya. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina buga shi ba har zuwa zamaninmu, kuma da wannan shekara ta 1780. Wato liyarin da aka buga bara da wanda aka buga zamanin Shehu Usmanu, shekara ɗaya ce a jikinsu. Akwai tsofaffin bugu masu tsada, gaskiya ne, amma masana ne ke gane su ta wasu ƙananan alamu. Galibin waɗanda ke yawo, darajarsu ba ta yi wa farashin azurfar da ke cikinsu nisa ba.

Ga wani misalin na gida. A shekarar 1936 Ingila ta yi wani sarki, Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan gado ba ya yi murabus. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Amma a nan Afirka ta Yamma an saki kwabo da ɗari da anini masu huda ɗauke da sunansa. Sai ka ga an ɗora irin wannan kwabo a gwanjo ana kururuta shi, wai kuɗin sarkin da bai daɗe ba, wai ba a samun sa. Alhali an buga su da yawan gaske. Masu tara kuɗi sun san ba wuyar samu gare su ba. Kwabon na gaske ne. Farashin ne na zalunci.

Me wannan ke koya mana? Tsufa daban, ƙaranci daban. Ba kowane tsohon kuɗi ne mai tsada ba. Kafin ka taya, ka nemi sanin kuɗin da kansa. Akwai littattafan da suka jera kuɗaɗen duniya ƙasa-ƙasa, da nauyinsu, da faɗinsu, da ƙarfen da aka yi su da shi, da yawan da aka buga. Gidajen gwanjo kuma suna barin farashin da aka sallama kaya a baya, kowa na iya dubawa. Kada ka dubi abin da mai kaya ya nema. Dubi abin da aka biya.

To, masu sauraro, yanzu mu juya ga jabu na sosai.

Jabu ba sabon abu ba ne a wannan harka. A Jamus an yi wani gwani mai suna Becker, ya rasu a 1830. Da hannunsa yake sassaƙa hatimin buga kuɗin Girka da na Rumawa. Ana ba da labarin cewa in ya gama bugawa, sai ya zuba su a akwati da garin ƙarfe, ya ɗaure a ƙarƙashin keken dokinsa, ya yi ta yawo har su goge su yi kamar sun shekara dubu. Ya ruɗi manyan masana na zamaninsa. A nan gida ma, lokacin Turawa, masu buga sulen jabu sun addabi hukuma. Shi ya sa daga 1938 aka riƙa yi wa sule wani tsagi na musamman a gefensa, don ya yi wa ɗan jabu wuyar kwaikwayo. Bambancin da da yanzu shi ne inji. A yau akwai masana'antu, da yawansu a ƙasar Sin, da ke buga tsofaffin kuɗin duniya buhu-buhu. Dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan na cikin waɗanda suka fi shan wannan kwaikwayo. Tun 1973 dokar Amurka ta ce duk kuɗin kwaikwayo sai an buga masa tambarin da ke nuna kwafi ne. Ɗan damfara bai damu da wannan doka ba.

Jabu iri-iri ne, kuma kowanne da inda yake tona wa kansa asiri.

Akwai na zubi. Ana danna kuɗin gaske a yumɓu ko wani abu mai laushi, a fitar da siffarsa, a narka ƙarfe a zuba. Maƙeranmu sun san wannan aiki. Kuɗin gaske kuwa, in ban da wasu kaɗan kamar tsofaffin kuɗin Sin, bugawa ake yi da ƙarfi tsakanin hatimi biyu. Shi ya sa rubutun na gaske yake fitowa da kaifi. Na zubi rubutunsa a dakushe yake, kamar ya narke. In ka ƙara girman hoton za ka ga 'yan ramuka ko 'yan ƙuraje a fuskarsa, inda iska ta maƙale. Sannan a gefensa za ka ga layin haɗi, ko alamar an goge layin da magagari. Shi ya sa nake cewa, kada ka taya kuɗin da ba ka ga gefensa ba. Liyari na gaske yana da rubutu da ado a kewayen gefensa. Mai kaya na kirki ba ya jin nauyin ɗaukar hoton gefe. Wanda ya ce kyamararsa ta lalace, ka bar shi da kayansa.

Akwai na bugu, kuma shi ya fi haɗari. Ana kwafo hatimi daga kuɗin gaske, a riƙa buga sababbi da shi. Wannan yana da kaifi, yana da kyau. Amma yana da rauni ɗaya. Duk wani tabo ko ƙarzuwa da ke jikin kuɗin asali, hatimin zai kwashe shi. Duk jabun da aka buga zai fito da wannan tabo a wuri guda. Ku yi tunani, jama'a. Kuɗi biyu da suka yi shekara ɗari suna yawo a hannun mutane daban-daban, ta yaya za su yi tabo iri ɗaya a wuri ɗaya? Ba ya yiwuwa. In ka ga haka a hotuna biyu, ka ga jabu.

Akwai kuma na kwaskwarima. Kuɗin na gaske ne, amma an taɓa shi. An kankare lamba ɗaya a shekarar, an mayar da ita shekarar da ake nema. Ko an liƙa ƙaramin harafi. Kuɗin Turawa na Afirka ta Yamma, alal misali, wasu na ɗauke da harafin H, wasu KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga su. A kuɗaɗen duniya da yawa, harafi ɗaya irin wannan na iya ninka farashi sau da dama. Don haka in tsadar kuɗi ta rataya a kan harafi ɗaya ko lamba ɗaya, to nan ne za ka kafa ido.

Kun ji yadda ake duba hoto. Amma kada mu manta da maganarmu. Hoto ba shi da nauyi. Hoton ma ana satar sa. Mutum zai kwafo hoton kuɗin gaske daga wani gidan gwanjo, ya ɗora a matsayin nasa, ya aiko maka da wani abu daban. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka saka hoton a manhajar bincike ta Google ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Ko ka ce wa mai kaya ya rubuta ranar yau a takarda, ya ɗora kuɗin a kai, ya ɗauka. Ka ce ya ɗora shi a kan sikeli ya nuna maka lambar.

Wannan ya kawo mu ga babbar gaɓa. Yaya ake auna mai kaya?

Da farko, dubi tarihinsa. Yaushe ya buɗe shagon? Me ya saba sayarwa? Wanda jiya yake sayar da cajar waya da takalma, yau ya wayi gari da dinaren Abbasiyawa guda goma, akwai tambaya a kansa. Yabon da masu saye suka rubuta ma a karanta shi da hankali. Wani yakan sayar da ƙananan kaya masu arha da yawa don ya tara yabo, sannan ya fito da babban tarkonsa. Je ka karanta ƙorafin, ba yabon ba.

Na biyu, saurari irin maganarsa. In ka ji an ce, na tsince shi a akwatin kakana, ni ban san komai a kan tsofaffin kuɗi ba, yadda ka gan shi haka za ka saya, ba a dawowa da kaya, to wannan ba tawali'u ba ne. Hanyar gudu ce yake share wa kansa. Dillalin kirki yana faɗa baro-baro cewa kayansa na gaske ne, kuma in ya tabbata jabu ne zai karɓi abinsa ya mayar da kuɗi. Akwai ƙungiyar manyan dillalan tsofaffin kuɗi ta duniya, da aka kafa a 1951, wadda ta ɗora wa mambobinta wannan sharaɗi. A ganina, wannan alkawari na karɓar kaya ya fi kowane hoto daraja. In babu shi, babu ciniki.

Na uku, hanyar biya. In ya ce ku fita daga dandalin ku ƙarasa a WhatsApp, zai rage maka, ka tura kuɗi kai tsaye asusunsa, to ka tsaya. Dandalin yana da hanyar kai ƙara da dawo da kuɗi. Da zarar ka fita, ka fita daga inuwarsa. Ragin da ya yi maka, kuɗin kariyarka ne ya saya.

Sai kuma farashi. Araha ba ta ado. Kuɗin azurfa da ake sayarwa ƙasa da farashin azurfar da ke cikinsa, ba azurfa ba ne. Babu wanda ya fi ka son riba da zai bar maka wannan garaɓasa.

Bari in ɗan ratse in yi maganar zafin gwanjo, don shi ma tarko ne. Agogo na tafiya, saura minti biyu, wani ya ɗara tayinka. Zuciya ta hau. Ka ƙara, ya ƙara. Wani lokaci wanda kake takara da shi ba mai saye ba ne. Yaron mai kaya ne, ko shi kansa mai kayan da wani suna, yana tura farashi sama. Malamanmu na fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa, suna kiran sa najashu, kuma shari'a ta hana shi. Dandalin gwanjo ma sun hana, amma ana yi. Maganinsa, ka yanke iyakarka tun kafin a fara, ka rubuta a takarda. Ka lissafa da la'adar gidan gwanjo, wadda a manyan gidaje takan kai kashi ɗaya cikin biyar na farashi. Ka lissafa kuɗin aikowa da na kwastan da canjin dala. In an wuce iyakarka, ka ce Allah ya sa albarka. Wani zai fito gobe.

Wani zai ce, to ai akwai kuɗin da masana suka tantance suka rufe a roba. Haka ne. A Amurka akwai kamfanoni biyu da suka yi suna a wannan aiki, PCGS da NGC. Suna duba kuɗi, su ba shi daraja, su liƙe shi a cikin 'yar roba mai lamba. Ga sabon shiga, wannan babban taimako ne, kuma in kuɗin mai tsada ne ina ba da shawarar a nemi irin sa. Sai dai robar ma ana yin jabunta. Don haka ka ɗauki lambar, ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka duba. In akwai hoto a can, ka gwada shi da wanda ake tallata maka, tabo da tabo. Lamba kaɗai ba ta isa ba, don ɗan jabu yakan kwafi lambar gaske ya manna a robarsa.

Takardar asali ma haka. A shekarar 2020 an yi gwanjon wani kuɗin zinariya na Rumawa a Landan, wanda Brutus ya sa aka buga don tuna kisan Julius Caesar. Ya haura fam miliyan uku. Kuɗin na gaske ne. Amma daga baya hukumomin New York suka gano takardun da ke nuna daga inda ya fito na ƙarya ne. A 2023 aka mayar da shi ƙasar Girka. In haka ta faru a babban gida, ina ga wanda ba ka san ko sunansa na gaskiya ba?

To, a ce ka saya, kaya sun iso. Yanzu ne hoto ya zama abu mai nauyi. Kada ka jefa shi a akwati ka ce sai an kwana biyu, domin dawo da kaya yana da wa'adi. Ka ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗe ƙunshin. Sannan ka auna. Ƙaramin sikelin masu sayar da gwal ya wadatar. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗigo. In ya goge zai ɗan ragu kaɗan, amma in ka ga ya faɗo giram 23 ko 24, magana ta ƙare. Ka auna faɗinsa da kaurinsa, don ɗan jabu in ya daidaita nauyi da ƙarfe mai arha, sai kauri ya tona shi. Ka kawo maganaɗisu kusa. Azurfa da zinariya ba sa manne masa. In ya manne, jabu ne. In bai manne ba, ba a gama ba, domin tagulla da dalma ma ba sa mannewa. Ka ɗora shi a kan ɗan yatsa ka ƙyasta a hankali. Azurfa tana da amo mai tsawo. Dalma ba ta da shi. Gwaji ɗaya ba ya wanke kuɗi, amma gwaji ɗaya na iya kayar da shi.

Ka kuma kai wa wanda ya sani. Maƙeran fari da masu sayar da gwal sun san ƙarfe, idonsu ya goge. Amma ka ja musu kunne, kada a kankare, kada a ɗiga ruwan gwaji. Kai ma kada ka wanke shi da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli. Wannan duhun da ke jikinsa shi ne shaidar shekarunsa, kuma masu saye shi suke nema. Mutane da yawa sun goge rabin darajar kayansu da hannunsu.

Saura magana biyu, gajeru. In kai ne za ka sayar, kuma kayan na tarihi ne, ka sani a Najeriya ba a fitar da kayan tarihi waje sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ka tambaya kafin ka aika. In kuma aka cuce ka, jabu ya maƙale a hannunka, kada ka nemi wani ka sauke masa. Ka kai ƙara a dandalin, ka sanar da 'yan'uwa masu wannan sha'awa, ka ajiye shi ka riƙa gwada wasu da shi.

Masu sauraro, musamman matasa da ke ganin wannan harka a waya suna sha'awa, ku fara da ƙarami. Ku fara da kwabo da sisin da ke gidajenku. Ku je gidajen tarihi irin Gidan Makama a Kano, ku ga kayan da na gaske da idonku. Ku sayi sikeli kafin ku sayi dinare. Kuma duk ranar da yatsa ya kai kan maɓallin tayi, ku tambayi kanku, wannan mutumin na auna shi kuwa? In kayan jabu ne, zai karɓi abinsa? In amsar babu ce, ku janye hannu.

Iyayenmu mata da ke da liyari a adaka, ku ma kada wani ya zo ya ruɗe ku ya karɓe shi a banza, kada kuma a ruɗe ku da labarin miliyoyi a ce ku fara biyan kuɗin rajista. Ku sa a auna, ku tambayi mutum biyu ko uku kafin ku sallama.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu halal mai albarka.